Tirelar Da Ke Rawa In Ba Kaya

Shekarar da aka raba wa ma'aikata kuɗin Udoji, Jibiya ta cika da mota kamar daga buhu aka zazzago su. Wanda jiya keke yake turawa, yau sai ka gan shi bisa babur. Mai babur kuwa yana can yana zagaya Fijo yana dukan tayarta da ƙafa, kai ka ce ya san abin da yake dubawa. Kaya duk arewa suka nufa, siminti da sukari da sabulu da kwanon rufi, a ƙetara iyaka a kai Maraɗi. Dawowar ce ba komai, don fari bai daɗe da sakin mutanen can ba, ba wake ba gyaɗa balle a yi zancen lodi. Mota ta tafi tana nishi, ta dawo tana kwaramniya.

A bakin titin nan, kafin ka kai shingen kwastan, akwai rumfar wani mai walda, Shawulu mutumin Mazanya. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, in ya zauna a gefen benci sai na ɗaya gefen ya nemi abin riƙewa. Kirista ne, ɗan manoma jikan manoma, da shanun huɗa ya tashi, shi ya sa ya san wuyan bijimi fiye da yadda ya san nasa. Sana'arsa amalanken shanu. Daga garin Kusa har ƙauyukan bayan iyaka, in ka ga bijimai na jan kaya wuyansu sumul, ba kanta ba gyambo, ba sai ka tambayi wanda ya yi amalanken ba. Sirrin kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Tayoyin yake sa wa a tsakiya daidai, gaba da baya su zo ɗaya, nauyi ya zauna bisa taya, karkiya ta tashi sakayau. Yakan ce duk wanda ya ɗora wa dabba nauyin da taya za ta iya ɗauka, ya shirya amsar da zai ba Ubangiji.

To, sai ga Hajiya Zalika. 'Yar kasuwa ce da ta taso daga Maraɗi ta zauna Jibiya, mace mai ƙarancin magana, amma in ta faɗi ɗaya ba ta sakewa. Ta sayi Fijo akori-kura sabuwa dal, ta ga bayan motar ya yi wa kayanta kaɗan, sai ta zo ta ce Shawulu ya ƙera mata tirela mai taya biyu da motar za ta riƙa ja. Bai taɓa yin ta mota ba, amma ko a jikinsa. Ya ce abin da ya bi bayan sa ai zai bi bayan Fijo. Mako uku ya gama. Ya shafa mata shuɗin fenti, ya liƙa safayar taya da akwatin kayan gyara can baya don gaba ya ƙara sauƙi. Ranar da aka zo ɗauka, ya sa yatsa guda ya ɗaga ƙarfen ja ya saƙala shi a ƙugiyar mota, mutane suka yi ta kaɗa kai. Har Alhaji Kalilu mai shagon kwano ya ce shi ma yana son biyu, amma bari ya ga yadda wannan za ta yi tukuna.

Direban Hajiya sunansa Maɗugu, shi ma mutumin ƙasar Maraɗi ne. Fari ne ya koro shi da matarsa da tsohon ubansa. Shekara biyu yana dako a tasha, buhu bisa wuya, kafin ya koyi tuƙi ya sami lasisi. Makullin Fijon nan shi ne abu na farko da ya taɓa riƙewa wanda bai fi ƙarfin aljihu nauyi ba kuma yana ciyar da gida.

Tafiya da kaya lafiya lau, tirela na bin mota kamar ɗan raƙumi bayan uwarsa. Dawowa fanko ce matsala. Da an hau kwalta mota ta miƙe, sai tirela ta fara kaɗa gindi, hagu, dama, hagu, dama, tun tana yi kaɗan har ta riƙa fizgar motar kanta. Maɗugu ya faɗa wa Hajiya, ta ce ya rage gudu. Ya faɗa wa Shawulu, shi kuwa ya yi dariya ya ce doki mai kyau ba ya son sabon mahayi. Ran wata Laraba da hantsi, suna dab da shinge, tirela ta yi wani wawan tangaɗi ta kwashe rumfar wata mai fura, ta kife ƙwarya da ludaya, ta kwanta a gefen titi tayarta ɗaya na juyawa a sama. Allah ya kiyaye matar ta tashi ɗauko ruwa. Ba wanda ya ji ciwo, sai nono da ya malale har bakin kwalta.

Hajiya ta zo ta duba, ta ba mai fura haƙuri, sannan ta miƙa wa Maɗugu hannu. Ya zaro makulli ya sa mata. Ta ce ranar Lahadi, ranar kasuwa, za ta ba wani direba, akwai wani Ya'u da aka yi mata maganarsa. Maɗugu ya koma gefe. Ya tsaya yana kallon masu dako da ke wucewa da buhuna, mutanen da ya baro wata huɗu kacal.

A tasha magana ta rabu biyu. Wasu suka ce gudu ne irin na sabon shiga, wasu suka ce a'a, a dai duba ƙirar. Wannan ta biyun ita ta hana Shawulu jin daɗin tuwonsa. Washegari da safe ya sa hula ya nufi gidan Hajiya, ya ce ta ara masa mota da direban na safiya guda. Shi da kansa zai shiga cikin tirelar ya zauna, a yi tuƙi na hankali, duk Jibiya ta ga inda laifin yake.

"Kai za ka shiga ciki, Sarkin Walda?" in ji Hajiya. "In ta kife da kai, wa za ya ɗaga ka?"

"Ba za ta kife ba, Hajiya. Ni na haife ta."

Ta ba shi makullin, ta ce a hannunsa ta sa, shi zai maido mata.

Suka fita bayan gari inda titi ya miƙe, ba mutane sai geza da kargo. Shawulu ya hau ya zauna daram a tsakiya, bisa tayoyi, ya harɗe ƙafa kamar mai jiran a kawo masa fura. Maɗugu ya ja. Gudun mil ashirin lafiya. Talatin lafiya, Shawulu har yana ɗaga wa masu jakuna hannu. Da aka doshi arba'in sai ya ji ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinsa. Wata gingimari ta wuce su ta watso iska, shi ke nan kamar an buga wa tirela kalangu. Ta yi hagu, ta yi dama, ta tuma, Shawulu ya gangara can baya ya bugi ƙofar bodi, ya faɗa bisa tamfal da igiyoyi da jarkar ruwa da Maɗugu ke jibgewa a wurin in an sauke kaya. Yana isa baya kuwa abin ya ninka. Ya ga itatuwa na zuwa ta gefen da bai kamata ba. Ya kira sunan Yesu, ya kira sunan uwarsa, har wani suna na kakanni da ya yi shekara ashirin bai ambata ba sai da ya fito.

Ba dabara ce ta kai shi gaba ba, tsoro ne. So yake ya kai kusa da mota ya buga wa Maɗugu ya tsaya. Ya ja ciki, ya rarrafa, ya kama allon gaba da hannu biyu ya rungume. Sai ya ji shiru. Tirela ta yi lilo ɗaya, ta yi rabi, ta miƙe ɗoɗar bayan mota kamar ba ita ba.

Shawulu mutum ne da ba ya yarda da abin da ya faru sau ɗaya. Da zuciyarsa ta dawo mazauninta, maimakon ya buga a tsaya, sai ya saki allon ya ja baya kaɗan-kaɗan. Yana wuce tayoyi gindi ya fara kaɗawa. Ya dawo gaba, ta natsu. Sau uku ya yi haka, a na ukun ma bai ƙarasa ba, don ya riga ya ji abin da ba ya son ji.

Da suka tsaya gindin wata bedi, Maɗugu ya fito ya ce shi dai a madubi ya ga ta haukace, ya ga ta warke, ya ga ta sake, bai san mi ke faruwa ba. Ya ce abu ɗaya ya lura da shi tun tuni: in ta fara ya taka birki sai ta ƙara hauka, ran Laraba ma birkin ne ya ƙarasa ta. Yau kuwa tsoron kada ya watso mutum ya sa bai taka ba, ƙafa kawai ya ɗage daga totur ya riƙe sitiyari miƙe.

"Baba Shawulu, mi kag gani a ciki?"

"Ƙura na gani," in ji Shawulu. "Mu koma."

Ya sa aka kwance tirelar a rumfarsa, ya kai wa Hajiya makullinta, ya ce yana nan yana dubawa. Daga nan ya dawo ya zauna yana kallon abin da ya ƙera. Yanzu komai a fili yake kamar tafin hannu. Bijimi ba ya wuce tafiyar mutum, ko amalanke ya so rawa ba shi da saurin yin ta. Mota kuwa tana son abin da take ja ya dafa ta, ya danne ƙugiya, ta san yana nan. Shi ya hana. Ya sa tayoyi a tsakiya, ya ƙara da rataya safaya da akwati a baya. In za a tafi Maraɗi masu lodi da siminti suke farawa, su jera shi jikin allon gaba, kwalayen sabulu a baya, sai su gyara masa kuskurensa ba su sani ba. In an sauke, Fijo ta ɗaga gindi don ba nauyi, ƙugiya ta yi sama, tirela ta ɗaga hanci, ɗan nauyin da ya rage ya koma baya. Ya tashi ya danna taya da babban yatsa, ya ji ta kamar dutse. Lado mai faci ne ke ɗura mata iska don buhu ashirin, da wannan iskar kuma take dawowa ba ko buhu ɗaya, dole ta riƙa tsalle kamar ƙwallo.

Ba wanda ya san wannan duka sai shi. Nan fa ɗaya.

Da azahar ya shiga gida, matarsa Sarai na tsince wake a faifai. Ta dubi goshinsa da ya kumbura ta ce ashe 'yar da ya haifa ta fara dukan uba. Ya zauna ya kwashe labari ya gaya mata, don shi bai iya riƙe magana a gabanta ba. Sannan ya faɗi abin da ke ransa. Yana iya cewa tirela ta lanƙwashe a faɗuwar Laraba, ya ja ta bayan rumfa ya gyara a ɓoye. Sabon direba ya zo ya tarar da ita lafiya, kowa ya ce ai ga shi, direba ne. Sunansa ya tsira, aikin Alhaji Kalilu ya tabbata.

Sarai ba ta ɗago ba. Ta ce dabarar ta yi kyau, ba wanda zai gane. Ta tsince tsakuwa biyu ta yar, sannan ta tambaya ko wannan Maɗugun shi ne wanda ya taɓa ɗauko mata buhun dawa daga tasha har gida, mai baƙin tabo a bayan wuya.

"Shi ne."

"To. Ai da sauran wuri a wuyan, maigida. Bai cika ba."

Shawulu ya ce ita matsalarta ke nan, ba ta taɓa ba mutum shawara a miƙe ba. Ta ce shawara ai ya riga ya ba kansa, tun da ya zauna yana faɗa mata maimakon ya je ya yi. Ya ci abincinsa. Da ya wanke hannu ya ce ta aika gidan su Maɗugu a ce yana nemansa gobe da sassafe, ya zo da ƙarfinsa.

Ranar Juma'a bai ja tirela bayan rumfa ba. Gaba ya jawo ta, bakin titi, inda duk mai zuwa shinge sai ya gani. Shi da Maɗugu suka ɗaga ta bisa gunguma, ya kunna wuta ya fara yanke waldar da ya yi da hannunsa. Kafin hantsi an taru. Direbobi masu jiran takardun kwastan, masu dako, 'yan canji, har wani jandarman Nijar da ya ƙetaro sayen sigari ya tsaya kallo. Alhaji Kalilu ya zo da lemarsa ya tambaya lafiya ake yanka sabon abu.

Shawulu ya kashe wutar, ya ture tabarau bisa goshi, ya ce da murya yadda na bayan ma za su ji:

"Ƙirar ce ba daidai ba, Alhaji. Na yi wa mota amalanken shanu. Ko wa ka ba tuƙin nan sai ta yi rawa da shi in ba kaya. Yaron Hajiya ba shi ya kayar da ita ba, ni ne."

Wani direban gingimari ya ce kai, yau ga mai walda ya yi wa kansa walda a baki. Aka yi dariya, Shawulu ma ya yi. Alhaji Kalilu bai yi ba. Ya ce to Allah ya kyauta, shi kam zai aika Kano a yi masa nasa, ya juya da lemarsa. Shawulu ya bi shi da kallo har ya ƙetare titi. Sannan ya maido tabarau ya ce wa Maɗugu ya riƙe nan.

Bai san ko taƙi nawa zai ja tayoyin baya ba, kuma bai yi kamar ya sani ba. Gwadawa ya yi. Ya ɗaure ƙarfen tayoyin da ƙusoshi na wucin gadi, ya ja shi baya taƙi ɗaya, ya ɗaga ƙarfen ja ya ji, ya ce da saura. Ya cire safaya da akwati daga baya ya maido su bisa ƙarfen ja, jikin allon gaba. Ya ƙara rabin taƙi. Ya aika aka aro sikeli wurin masu awon hatsi, aka tokare bakin ƙarfen a kai, allura ta tsaya kusa da nauyin buhun siminti guda. Ya ce a nan za a fara. Wani ya kawo shawarar a bar wahala, a riƙa jefa buhunan yashi biyu a gaba in za a dawo. Maɗugu ya ce wanda ya faɗi haka bai taɓa wucewa gaban duwan, wato kwastan ɗin Nijar, da buhu ɗaure ba, sai sun farke shi sun tankaɗe yashin suna neman abin da ba su ajiye ba, a zo nan ma kwastan su sake. Shawulu ya ce gaskiya ne, nauyin da za a dogara da shi gara a gina shi cikin ƙarfe.

Asabar ya sauke ƙugiyar motar ƙasa kaɗan, don tirela ta tsaya miƙe ko Fijo ba kaya, ya kuma cike bakin zoben ƙarfen ja da ya fara sakwarkwacewa. Sai rigimar Lado mai faci. Da aka ce a rage iska in za a dawo fanko, Lado ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an biya mutum ya ɗura iska sannan a je Maraɗi a zubar ba, in sun raina iskar Jibiya su faɗa. Shawulu ya ce ba duka za a zubar ba, kaɗan ne, yadda taya za ta ɗan amsa yatsa ba tare da ta kwanta ba, kuma kullum sai an dawo wurinsa an ƙara kafin lodi. Lado ya auna wannan, ya ce ashe maganar ta ilimi ce.

Hajiya Zalika duk ta ji labari, don a Jibiya ko tari ka yi a shinge sai an ce maka sannu a kasuwa. Amma ba ta aiko ba, ba ta zo ba. Maɗugu ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Shawulu ya ce ya kwantar da hankalinsa, aiki ya yi kyau. Maɗugu ya ce ai ba aikin ne ke riƙe da makulli ba.

Lahadi Shawulu ba ya taɓa wuta. Sai da aka taso daga sujada, yana cikin farar rigarsa, ya bi ta kasuwa ya sami Hajiya a rumfarta, Ya'u sabon direba na tsugune gefe yana jiran a sallame shi. Shawulu ya gaishe ta, ya maimaita mata abin da ya faɗa a bakin titi, bai rage ba. Ya ƙara da cewa Maɗugu ma yana da nasa: yana son gudu in ba kaya, yana jibge tamfal da jarka a baya, ya kuma taka birki inda bai kamata ba. Amma waɗannan duk gyaruwa suke da magana, nasa ne sai da wuta.

"Mi ya hana ka gyara shiru?" in ji Hajiya. "Da ba wanda za ya sani."

"Ai ni zan sani, Hajiya."

Ta dube shi. Sannan ta ce ita ba ta sayen kaya a bakin dillali, sai ta gani. Ta yafa mayafi, ta ce wa Ya'u ya jira, ta sa aka kira Maɗugu aka saƙala tirela, ta shiga gaban mota ita da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba in ana jan tirela. Shawulu da ya riga ya shiga ya matsa tsakiya ya ba ta wuri, Fijo sai nishi take. Ta miƙa wa Maɗugu makulli ta ce aro ne.

Suka fita bayan gari. Maɗugu ya naɗe tamfal ya ɗaure a gaba tun kafin su tashi, jarka ma haka. Ashirin, talatin, arba'in. Hajiya ba ta kalli titi ba, ta juya tana kallon baya ta gilashi. Tirela na biye, shuɗiya, ba kaya, ba ko gezau. Can sai ga tankar mai ta taho daga arewa da gudu, ta wuce su fuu. Iska ta bugi tirela, gindinta ya ɗan goce. Shawulu ya ga ƙafar Maɗugu ta tashi daga totur ta nufi birki, ta tsaya a sama, ta fasa. Hannunsa bisa sitiyari bai motsa ba. Tirela ta goce sau ɗaya, ta dawo layi da kanta, mota ta ci gaba tana rage gudu a hankali.

"Sake," in ji Hajiya.

Suka juya suka sake, har sau biyu, ta kan wurin da kwalta ta yi tudu-tudu. A na ƙarshe Hajiya ta gaji da juya wuya, ta gyara zama ta fara yi wa Shawulu zancen tsadar kwano.

Da suka tsaya bakin kasuwa Maɗugu ya kashe mota, ya zare makulli, ya miƙa mata da hannu biyu. Ba ta karɓa ba. Tana ta fama da mayafinta da ya maƙale a ƙofa. Da ta fito ta ce wa Shawulu ya yi mata magana da Ya'u, akwai wani Alhaji a Katsina da ke neman direba, za ta ba shi takarda. Sannan ta leƙo ta taga.

"Gobe siminti ashirin, kwalin sabulu goma. In za ka dawo, allurar motar nan kada ta wuce arba'in."

Maɗugu ya dunƙule makullin a hannu, murna ta sa bakinsa ya yi gaba da hankalinsa. Ya ce ai yanzu da gyaran Baba Shawulu, Hajiya, ko arba'in da biyar za ta ɗauka lafiya lau.

"Talatin da biyar," in ji Hajiya.

Ya buɗe baki, Shawulu ya taka masa ƙafa. Da yake ƙafar Shawulu ce, bai ƙara cewa komai ba.